Wayar malam guda ta fi ɗakin kwamfuta da ke kulle

Akwai wata makarantar sakandare da nake yawan bi ta gefenta a nan Garwa, a arewacin Kamaru, tana da wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu. Ɗakin kwamfuta ne. Na taɓa leƙawa ta taga, na ga na'urori a jere an lulluɓe su da zannuwa saboda ƙurar hunturu. A ajin da ke maƙwabtaka da ɗakin kuwa malam yana zana hoton kwamfuta da alli a kan allo, yara suna kwafewa a littafi. Malamin nan da waya a aljihunsa, da ita yake aika kuɗi ƙauye, da ita yake hira da ƙaninsa da ke Duwala. Amma bai taɓa tunanin tana da wani aiki a cikin aji ba, kuma ba laifinsa ba ne, domin ba a taɓa nuna masa ba.

Mun daɗe muna ɗaukar cewa shigar da fasahar sadarwa makaranta yana nufin sayen kaya. A 2016 shugaba Paul Biya ya sanar da rabon kwamfutocin tafi-da-gidanka 500,000 ga ɗaliban jami'a, da bashin sefa biliyan 75 daga ƙasar Sin. An raba, an yi biki, an ɗau hoto. Da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, sai aka koma ba da darasi ta talabijin ɗin CRTV. Niyyar mai kyau ce. Sai dai yaron da ke wani ƙauye bayan Mora ko Mokolo, wanda gidansu ba wuta balle talabijin, sai dai ya ji labari. Wanda ma ya samu ya kalla, kallo kawai ya yi: malam yana magana daga Yawunde, shi ba halin ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba.

A ganina amfanin waya a makaranta yana cikin abu guda: ta sa yaro ya san akwai wani aji a wani gari da ke jiran amsarsa. Wannan ba sabon tunani ba ne. Tun 1988 aka haɗa wasu makarantun Mosko da na jihar New York a Amurka suna aikin aji tare ta saƙon kwamfuta, abin da ya girma ya zama ƙungiyar iEARN. Layin da suka yi amfani da shi a lokacin bai kama ƙafar rezon waya, wato netwok, da mai sayar da albasa a kasuwar Marwa yake kuka da shi yau ba.

Bari in ba da misali da abin da ke ƙofar gidanmu. A ce aji uku, ɗaya a Gaundare, ɗaya a Garwa, ɗaya a Kusuri, kowanne ya yanke robar ruwa, ya manna mata ma'auni, ya kafa a tsakar makaranta. Kowace safiya yaro biyu su duba su rubuta. Ranar Juma'a malam ya ɗauki hoton shafin ya tura wa sauran ta WhatsApp. Na san za a ce tsakiyar damina hutu ake yi, gaskiya ne, amma farkonta da ƙarshenta suna cikin zangon karatu, kuma nan darasin yake. A watan Afrilu 'yan Gaundare sun soma rubuta ruwa, 'yan Kusuri kuwa robarsu a bushe, sai zafi. Gaundare takan samu kimanin milimita 1,500 a shekara, Garwa wajen 1,000, Kusuri ko rabin na Gaundare ba ta kaiwa. Yaron da ya ga wannan da lambobin da hannunsa ya rubuta ba sai an tilasta masa haddar taswira ba.

Daga nan sai tambayar da ta fi daɗi ta taso. In ruwan Kusuri kaɗan ne, me ya sa ambaliya ke cin ta, kamar yadda aka gani a 2022 da 2024? Amsar tana wajen ajin Gaundare. Wani ɓangare na ruwan da ke sauka a tudun Adamawa yana bin kogin Vina da Mbere ya faɗa Logon, ya wuce Yagwa, ya iso Kusuri da Injamena a wajajen Oktoba, lokacin da sama ta riga ta ɗauke a can. Wato ruwan da yaron Gaundare ya auna, shi ne zai zo ya tsaya a ƙofar ajin ɗan'uwansa bayan makonni. Lissafi ya shigo, labarin ƙasa ya shigo, rubutun Faransanci ya shigo, tunda sai an tsara saƙon yadda na can zai fahimta. Kuma yaranmu da ke jin kunyar Faransanci a gaban malam, sai ka ga bakinsu ya buɗe in aka ce saƙon murya za a naɗa wa tsaransu. Duk abin da aka kashe bai wuce cajin waya da 'yan megabait ba. Ana iya yin irinsa da farashin buhun masara, ko tatsuniyoyin da yara za su naɗo daga bakin kakanninsu da Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa. In an so ma a tsallaka gadar Ngeli a haɗa da wani aji a Chadi.

Masu ƙin wannan magana suna da hujja, ban raina ta ba. Makarantu da yawa sun hana ɗalibi shiga da waya, kuma wanda ya tuna yadda takardun jarrabawar bakaloriya suka yoyo ta WhatsApp a 2020, abin da 'yan makaranta ke kira "ruwa", har aka sake rubuta wasu darussa, ba zai ga laifin shugabannin makarantu ba. Iyaye kuma suna tsoro saboda 'ya'yansu mata. To ni ban ce a ba yara waya ba. Waya ɗaya ce, ta malam, a hannun malam, saƙo daga aji zuwa aji. Ba lambar yaro da za ta fita, ba hoton fuska, sai hoton aikin. Aji mai yara ɗari ma ya fi dacewa da haka, domin a raba su rukuni-rukuni kowa da makonsa.

Batun wuta da rezo kuma, shi ya sa na ce sau ɗaya a mako. Mun san halin da muke shiga duk lokacin da ruwan madatsar Lagdo, mai ba mu wutar lantarki, ya ja baya, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun ɗan rage zafin abin. Wanda ya dage sai an yi hira ta bidiyo kai tsaye, zai ɓata awa guda yana "kuna ji na?" Saƙon da aka naɗa kuwa yana iya kwana a waya har malam ya shiga gari ranar kasuwa.

Inda na fi jin nauyin maganar shi ne wajen malamin kansa. Da yawa daga masu riƙe da azuzuwanmu na karkara iyaye ne ke biyansu, abin da suke samu a wata bai taka kara ya karya ba. Rashin adalci ne a ce su sayi data daga aljihunsu. Ƙungiyar iyayen yara da ke karɓar kuɗi kowace shekara tana iya ware wani abu don wannan, a rubuta shi a fili. Makarantar horar da malamai ta jami'ar Marwa, wadda ke yaye malamai tun bayan kafa jami'ar a 2008, ita ya kamata ta sa kowane ɗalibinta ya gudanar da aiki ɗaya irin wannan kafin ya karɓi takardarsa. Waɗanda suka yi karatu tare ana warwatsa su ne ko'ina a ƙasa, kuma suna da lambobin juna. Abokin da aka tura Gaundare da wanda aka jefa Kusuri suna gaisawa kullum a rukuninsu na WhatsApp, suna tambayar juna ko albashi ya fito.