Kafin a sake wani radiyo, a tambayi na baya

A Yamai, idan mutum ya ce an yi masa radiyo, yakan faɗa ne kamar wanda aka ba magani. Wasu har roƙon likita suke yi ya rubuta musu sikana, don a ganinsu nan ne aikin yake. Ba a cika gaya musu cewa da haske mai ratsa jiki ake ɗaukar hoton ba, kuma haɗarinsa taruwa yake yi.

Da milisibat ake auna hasken da jiki ya sha. Hoton ƙirji ɗaya kimanin milisibat 0.1 ne, ba abin tada hankali ba. Sikanar ciki kuwa takan kai 10, wato kusan abin da jiki ke sha cikin shekara huɗu daga ƙasa, iska da abinci. Idan da dalili, a yi. Wanda ya yi hatsarin moto ya bugu a ka, sikana ce za ta cece shi. Damuwata ita ce hoton da ake maimaitawa a banza: an ɗauka a Tawa, an turo majinyaci Yamai, ambulan ɗin ya ɓace a mota ko ba wanda ya tambaya, sai a sake. Kuɗi ya tafi sau biyu, haske ya shiga sau biyu. Sau da yawa ma eko ta isa, ita da ba ta da wannan haske sam.

Na taɓa riƙe ɗan ƙanwata a wani kilinik ana ɗaukar hoton ƙafarsa. Ma'aikacin ya koma bayan bango, ni kuwa ga ni tsaye, rigar dalma mai kare jiki daga hasken tana rataye a ƙusa. Ban zarge shi sosai ba, layi ya yi tsawo. Amma da uwar yaron ce ta riƙe, kuma tana da ƙaramin ciki fa?

Shi kansa ma'aikacin, ƙa'idar duniya ta ce kada ya wuce milisibat 20 a shekara, a matsakaicin lissafin shekara biyar. Wa zai sani, idan ba a karanta ɗan ma'aunin da yake maƙalawa a ƙirji a kan lokaci?

Tun 2021 cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai ke yi wa majinyata gashi da hasken na'urar kobalt, inda hasken ya fi na hoto ƙarfi nesa ba kusa ba. Ido yana kan wannan, kuma ya dace. Ina so hukumar ARSN, mai sa ido kan harkokin nukiliya da irin wannan haske a Nijar, ta riƙa leƙa ƙananan ɗakunan radiyo na unguwanni ma, ba da sanarwa ba, ta duba ƙofa, ta duba ko rigar dalmar ta tsage, ta tambayi wa ya sa ta yau.