Ranar da ciyawa ta yi mini ruku'u

Kun dai san injin yankan ciyawar nan da ya shekara biyu a ƙofar gidana, wanda yara ke hawa suna tuƙa mota da baki. Kun kuma san yadda ya zo hannuna. Yayan uwargida ya ci bashin jika 300 na sefa, da na matsa masa sai ya aiko da shi a bayan kamyo ina wurin aiki, aka dire shi a ƙasa aka yi gaba. Ni ba tarakta gare ni ba, ba garke ba. Da damina ta ɗauke bana, ciyawa ta fara bushewa, na ce yanzu ne kasuwarsa. Na wanke shi, na shafa masa jan fenti, na ɗauki hoto na sa a Facebook da WhatsApp: injin yankan ciyawa na tarakta, na hannu amma kamar sabo, jika 800.

Kwana uku ina karatu a waya don kada a raina ni. Na haddace cewa wurare uku ake ɗaure shi a bayan tarakta. Sandar da ke juya shi, wadda makanikai ke ce wa kardan, tana zagayawa sau 540 a minti ɗaya. Akwai wani noti da aka yi shi musamman don ya karye idan injin ya daki dutse, saboda kada giyar da ke samansa ta lalace, kuma duk wanda ya san ƙasar Adar ya san dutse ba abin nema ba ne. Wuƙaƙe biyu ne a ƙarƙashi, masu kauri, su ke sare ciyawar. Wannan na ƙarshen a waya na karanta shi. Ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe kamar tebur, ƙarti huɗu ba su ɗaga shi, to wa zai kwanta a ƙasa ya leƙa?

Wani Alhaji daga Abalak ya kira. Yana so ya tara ciyawa kafin bazara, lokacin da dami ke tsada kamar magani, kuma yana so ya share layin tare wutar daji a gefen makiyayarsa. Ya zo Tawa ranar Lahadi, dama ranar kasuwa ce, da yaransa biyu da rawani har ido. Dillalin nan da kuka sani, wanda ba a gayyatarsa amma ba a cinikin da babu shi, ya riga shi isowa. Alhaji ya taya jika 450, na ce albarka. Ya ce 500, na ce albarka, har da juya baya irin na mai kaya. Sai ya ce a gwada, in ya ga aiki zai ba da 600.

Da na sallama a 500 ɗin nan, da yanzu wani labarin nake ba ku. To, ko da yake da yanzu ina gaban alƙali.

Na yi hayar wata tsohuwar Massey Ferguson, jika 15 ban da gazuwal. Direba ya ja da baya, aka ɗaure, ya ɗaga injin sama. A nan ne fa Allah ya ba ni dama ta ƙarshe, don da mutum ɗaya ya sunkuya da an gani. Ni da bakina na hana. Na daka wa yara tsawa, na ce kowa ya ja baya taku ashirin, wannan ba abin wasa ba ne, wuƙarsa na iya cilla dutse ya fasa kan mutum. Har Alhaji na riƙe wa hannu na ja shi gefe. Ya ce, "Madalla, Malam, ka san aikinka." Na ji kaina ya ƙara girma.

Muka ɗunguma zuwa wani fili a bayan gari inda kyasuwa ta kai gwiwa. Ina gaba a kan babur cikin farar shaddata ta Sallah, tarakta na biye, bayanta motar Alhaji, bayanta yaran unguwa sun fi talatin, da masu kabu-kabu uku da suka bar neman kuɗi suka biyo kallo. Can ƙarshe kuma tsohon mai gadin garejin da ke kusa da ni, da rediyonsa rataye a wuya, yana tafe yana cin goro.

Direba ya sauke injin, ya saka giya. Ƙara ta tashi, ƙasa na rawa, ƙura ta turnuƙe. Na ɗaga murya ina yi wa Alhaji bayanin 540 ɗin nan. Tarakta ta ratsa fili ta kai ƙarshe. Ƙura ta lafa. Muka ga layi ya kwanta sumul, na buɗe baki zan ce "ka gani ko", sai ciyawar ta fara ɗagowa. A hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar sahun masallaci an ce sami'allahu. Kafin na rufe baki duk ta miƙe tsaye, ko kara ɗaya bai faɗi ba.

Ba wanda ya yi magana. Na ce wa direba ya yi sauri da yawa, ya sake bi a hankali. Ya sake bi. Ciyawa ta sake ruku'u, ta sake ɗagowa. Na ce bai sauke injin sosai ba. Ya kalle ni, ya sauke har yana kartar ƙasa, ya bi na uku. Wannan karon ta ɗan jima a kwance, har na fara sa rai, sai iska ta kaɗa ta tashe ta. Wani yaro ya ce, "Baba, tausa yake yi mata?" Masu kabu-kabu suka fashe. Alhaji bai yi dariya ba, amma na ga rawanin yana motsi daidai wurin baki.

Na shiga cikin ciyawar da kaina, wai in nuna masa cewa daga tushe an ɗan sare ta. Na kama wani ƙullin na ja, ya ƙi fita. Na ƙara ƙarfi, ya fito da saiwarsa da ƙasarsa, na zauna daɓas a kan ƙarangiya. Wanda ya taɓa zama a kan ƙarangiya da shadda ya san sauran. Ina tsaye ina cirar ta daga bayan wando da yatsa biyu, tana komawa yatsun, mutum wajen arba'in na kallo.

Sai tsohon nan ya rage ƙarar rediyo, ya tofar da goro, ya ce, "Ɗana, shi ko wuƙa gare shi?"

Direba ya kashe, ya ɗaga. Yara suka yi rububin leƙawa. Ƙarfen da ke riƙe wuƙaƙe na nan, ramuka biyu fayau, har gizo-gizo ya taɓa yin gida a ɗaya.

Yanzu bari in tsaya a kan tsohon nan, don shi ne ya fi ci mini rai, ba yayan uwargida ba. Mutumin nan kullum da magariba yana kan bencina. Shayina yake sha, na fari da na biyu da na uku, kuma shi ne mai cewa sukari bai ji ba. Cajin rediyonsa a ɗakina ake yi. Ranar da nake shafa fenti yana zaune yana nuna mini inda na tsallake. Na ce, "Baba, dama ka sani?" Ya ce, "Kowa ya sani. Tun injin na jingine gidan surukinka yaro nai ya kwance su ya kai ma maƙeri. Ƙarhe na mai kyau, ba a samun irinai. Adda biyu anka yi." Na ce to me ya hana ka gaya mini? Ya ce, "Ba ka tambaye ni ba. Kuma na ga kana jin daɗin hwentin."

Bai tsaya nan ba. A gaban Alhaji, a gaban dillali, ya ƙara da cewa, "Ragon layyarka na bara, da mi kake tsammani mahauci ya sassara ƙashinai?" Wato da wuƙar injina aka yi mini aiki a tsakar gidana, na biya, har na yaba kaifin addar na tambayi mahaucin inda ya saye ta. Na tuna ya yi wani murmushi a lokacin.

Alhaji mutumin kirki ne. Ya dafa kafaɗata ya ce idan an samo wuƙaƙe in kira shi, sai dai ɗaya daga yaransa ya raɗa masa cewa irin wannan injin ma dagargaza ciyawa yake yi, ba ya barin ta yadda za a ɗaure dami, mai haƙora irin na zarto ya kamata su nema. Raɗar ta isa kunnen kowa. Dillali kuma ya biyo ni har babur wai a ba shi na goro, tunda ya ɓata yininsa. Direba ya ce gwaji uku aka yi, ba ɗaya ba, gazuwal ya ƙaru.

Na kira wani a kasuwar Katako ta Yamai, ya ce zai duba, in auno tsawon wuƙar da faɗin ramin. Tsawon abin da ban taɓa gani ba. Masu sayen ƙarfe a kilo sun zo sau biyu, na kore su, na uku ban sani ba tukuna. Uwargida ta ce kada in kuskura in kira yayanta sai bayan bikin 'yarsa, kuma tun da aka yi fentin ta ga saman injin ya yi kyau, kuɓewa take shanyawa a kai.

Tsohon ya zo jiya da magariba kamar kullum. Ya ce sukari bai ji ba.