Kududdufan kuza su ne jarin da ya rage wa garuruwan bariki a Filato

Duk wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi da rani ya san abin da zan faɗa. Ciyawa ta bushe ƙarmas, hunturu na kaɗawa, sai kwatsam ka hango fili kore shar a gefen wani ƙaton rami cike da ruwa, tulin jar ƙasa ya kewaye shi. A bakin ruwan injin ban-ruwa na ta ƙugi, tiyo ya miƙe zuwa cikin kunyoyi, ga kabeji, ga karas, ga latas da dankalin turawa. Wannan rami ba tafkin asali ba ne. Kamfanonin kuza ne suka haƙa shi, suka kwashe abin da ke ciki, suka bar shi baki buɗe. Irinsa ɗaruruwa ne a tsakanin Jos da Bokkos.

Ra'ayina shi ne, in har garuruwan da kuza ta kafa za su sake tsayawa da ƙafarsu, to a kan wannan ruwa za su tsaya. Jiran wani babban kamfani ya dawo ya ɗauki dubban lebura kamar da, jiran gawon shanu ne, kuma mun shekara arba'in muna yinsa.

Tun kafin zuwan Bature mutanen Liruwe suna narka kuza suna sayarwa. Da kamfanonin Ingila suka shigo a farkon ƙarni na 20 sai abin ya sauya kama. Aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya iso Bukuru a 1914. Aka kafa kamfanin NESCO a 1929, yana samar da lantarki daga ruwan Kurra domin injinan haƙa. Lebura suka yi ta kwararowa daga ƙasar Hausa da Barno da kudu, barikoki suka zama garuruwa: Bisichi, Dorowa, Gana Ropp, Tenti, Barikin Ladi kanta. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, sai aka koma kamo mutane aikin tilas daga lardunan Arewa, sanyin Filato da yunwa suka kashe da dama daga cikinsu. A 1943 abin da aka haƙo ya kai wajen tan 17,000. Daga nan sai gangara. Kuzar da ke kusa da sama ta yi ƙaranci, dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta zo a 1972, hankalin gwamnati ya koma kan man fetur, sannan a Oktoban 1985 kasuwar kuza ta duniya ta ruguje a Landan. Masana'antar narka kuza ta Makeri ta yi shiru.

Akwai abin da ke ci mini rai duk sanda na tuna. Har yau akwai kamfani a Landan mai suna Bisichi. Ya daɗe da barin kuza, kwal yake haƙa a Afirka ta Kudu. Sunan garin ya tafi yawon duniya yana tara riba, garin kuwa yana nan da ramukansa. Jari yana da ƙafa, gari ba shi da ita. Shi ya sa duk shirin farfaɗo da irin waɗannan wurare da aka ɗora kan kuɗin baƙo kaɗai, ina yi masa kallon gini a kan toka.

Wata rana na tsaya a bakin wani kududdufi kusa da Barikin Ladi, na tarar da wani dattijo yana ɗaure tiyo da tsumman roba. Mahaifinsa lebura ne a kamfani, shi kuma bai taɓa karɓar albashin kowa ba. Na ce, "Baba, ruwan nan yana kai ku har damina?" Ya ce, "Ɗana, ruwa bai taɓa ba ni kunya ba. Mai ne ya karya ni, da kuma ranar da kowa ya kai kaya kasuwa lokaci ɗaya." Ya nuna mini kwandunan tumatir da suka kwana biyu suna jiran mota, na ƙasa sun fara tsiyaya, ƙudaje sun rufe su. Ba wanda ya zana masa wannan sana'a a ofis. Da albashi ya yanke, iyayen irin su dattijon nan suka dubi abin da ya rage, suka ga ruwa da sanyi, suka kama noman rani. Abin da ake nema a ɗora a kai ke nan.

Kuma kayan aikin suna nan kusa, sai dai ba a haɗa su wuri ɗaya ba. A Kuru akwai reshen cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke aiki kan dankalin turawa. A Vom akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa. A Barikin Ladi akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, filin jirgin sama yana Heipang, injinan NESCO kuma ba su daina juyawa ba. Amma manomin Bisichi yana shuka irin dankalin da ya yi ta maimaitawa har ya gaji, cuta ta ƙone masa ganye da damina, wanda ya tsira kuma ya sayar da shi a wulaƙance a kasuwar Maikatako ko ta Farin Gada domin ba shi da inda zai adana. Rumbun sanyi ɗaya a kowane gari, mai aiki da wutar Kurra ko hasken rana, wanda ƙungiyar manoma ke riƙe da makullinsa, zai fi kowane irin alƙawarin masana'anta amfani. Famfon sola a madadin injin mai shan fetur zai rage wa dattijon nan rabin damuwarsa. Matasan da suka koyi gyaran waɗannan na'urori a kwaleji kuma sun sami abin yi a gida.

Na san abin da za a ce mini: kuza ta dawo da daraja. Gaskiya ne. Da ita ake liƙe sassan waya da kwamfuta, farashinta ya haura dala 30,000 kowane tan a 'yan shekarun nan. Saurayin da ke shiga rijiyar loto, wato ramin kuzar da ake haƙa da hannu, da igiya a ƙugu da tocila a goshi yana iya samun kuɗin da lambu ba zai ba shi a wata uku ba. Ba na zarginsa, yunwa ba ta jiran shawara. Amma na ga gonakin da aka huda kamar rariya, mun kuma sha jin rami ya rufta da 'ya'yan mutane. Wannan shi ne tsohon labarin, sai dai yanzu ba asibitin kamfani, ba fansho. A Fabrairun 2025 Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu kan umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a jihar. Dakatarwa tana iya ba da sarari a yi rajista a tsara, amma ba ta ciyar da kowa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta riga ta wajabta wa mai lasisi gyara wurin da ya haƙa, da yin yarjejeniya da jama'ar wurin. A tilasta wannan, a kan masu sayen kuza da masu injinan tacewa musamman, domin a wurinsu kuɗin yake taruwa, a zuba abin da aka karɓa wajen cike ramukan da ke cikin gonaki.

Kududdufan ma ba duka ne alheri ba. Sun ci yara da dabbobi ba adadi, gefensu a tsaye yake, mai zamewa ba ya fitowa. Baƙin yashin da ya rage bayan tace kuza yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki a hankali, amma mutane na kwasarsa suna shafe ɗaki da shi. Dole a auna ruwan kowane kududdufi a san wanda ya dace da ban-ruwa da kiwon kifi, da wanda za a killace ko a cike. Wannan aikin jami'a ne da ma'aikatar muhalli, ba ya bukatar jiran Abuja.

Abu mafi wuya na bar shi ƙarshe. Na wa ne ruwan? Ƙasar ta kakannin Birom ce da maƙwabtansu, aka karɓe aka ba kamfanoni haya. Jikokin leburan da aka kawo, wasu da ƙarfin tsiya, ba su san wani gida ba sai nan. Makiyayi ma a nan shanunsa ke sha. Wanda ya tuna kashe-kashen Kuru Karama da Dogo Nahawa a 2010 ya san inda wannan tambaya take kai mutane idan aka bar ta a hannun masu zuga. Ba mai sa kuɗinsa a rumbun sanyi a garin da ake kwana da ido ɗaya. Don haka kafin famfo, kafin iri, a zauna kan kowane kududdufi da mai gari da mai lambu da ardo, a rubuta wa ke noma wane gefe, nawa zai biya mai ƙasa, ta ina shanu za su bi su sha, na shekara nawa, ƙaramar hukuma ta sa hatimi. Dattijon da na tarar yana ɗaure tiyo ya shekara ashirin a fili ɗaya, amma bai dasa ko bishiya guda a wurin ba, domin kowace kaka sai ya sake roƙon a bar masa shi.