Mai karen za ku tuhuma, ku ƙyale dabba

To, yanzu kowa ya zama alƙali. Tun daren jiya wayata ba ta huta ba, duk wanda ya turo mini bidiyon nan na karen da ya tsinke sarƙa ya ciji wani yaro a ƙafa har ya faɗa kwalbati sai ya haɗa da "Malam, ga mutanenka fa", don an san ina kiwon kare. Na gani. Na ga jakar Islamiyyar yaron a cikin kwalbati, na ji salatin matan layin, na kuma karanta abin da kuke rubutawa a ƙasa: a harbe shi, a sa masa guba a nama, a kira 'yan banga. Jama'a sun yi dafifi sun yanke wa dabba hukuncin kisa, amma da ƙyar na ga mutum biyu da suka tambayi ina mai ita yake lokacin da abin ya faru.

Yana Abuja. Ya bar kare mai nauyin buhun masara a hannun maigadi ɗan shekara 17 wanda iska mai ƙarfi ma sai ta tafi da shi. Sarƙa ta tsinke, an bar ƙaramar ƙofar get a buɗe ana shigo da ruwa, yara sun taso daga makaranta da gudu, shi ke nan. Da aka kira Alhajin a waya aka ce ina katin allurar karen, wai sai ya ce zai tambayi yaron da ya sayar masa. Zai tambaya! Shekara biyu dabba tana gidanka, haƙorinta ya taɓa ƙafar ɗan mutane, kai kuma yanzu za ka fara bincike ko an taɓa yi mata allura. Wannan mutumin za ku tuhuma.

Ku dubi irin karen ma tukuna. Kokeshiyan ne. Allah Ya halicce shi da gashi ninki biyu saboda sanyin duwatsun Kokesos, can wajen Jojiya da Armeniya, inda aikinsa gadin tumaki daga kyarketai a cikin ƙanƙara. Shi aka ɗauko aka kawo unguwar Hanwa a Zariya, aka sa a kejin da aka rufe da kwano, a garin da zafin Maris da Afrilu ke taɓa digiri 40. Kare ba ya gumi kamar ni da kai, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Kai ka shiga bargo biyu da azahar a cikin kwantena, a ɗaure ka da sarƙa, a ba ka ruwa sau ɗaya a rana, mu ga irin fara'ar da za ka yi wa wanda ya fara giftawa ta gabanka. Me ya sa aka zaɓi wannan irin? Saboda ya fi cika hoto. Saboda idan abokai suka zo su ce "kai Alhaji, wannan ai zaki ne". Gayu kawai. Tun daga ranar saye aka fara laifin, kuma ba kare ne ya je ya sayi kansa ba.

Masu sayarwar su ma Allah Ya shirye su. Kowane kwikwiyo a shafinsu "zallan jini ne, ubansa daga Rasha aka kawo shi". Ka ce a nuna maka uwar, sai a fara kame-kame. Ni dai abin da na sani, duk wanda ya hana ka ganin uwar kwikwiyo, ka ga tafiyarta, ka ga yadda take yi idan baƙo ya matso, to ka mayar da kuɗinka aljihu. Rabin halin ɗan yana jikin uwar. Kuma kada ka karɓi wanda bai kai sati 8 ba, don a wurin uwa da 'yan uwansa yake koyon cewa cizo yana da zafi. Wanda aka raba da su yana sati 4 don a yi saurin karɓar kuɗi, kai za ka biya bashin nan gaba.

Wani zai ce ai kai ma babban kare gare ka, bakinka da magana? E, shi ya sa ma nake magana. Karyata mai suna Giwa tana gidana shekara 7 ke nan. Bowabul ce, irin na manoman Afirka ta Kudu, gashinta gajere, ta fi jure yanayinmu, amma duk da haka da rana tana ƙarƙashin darbejiya da bahon ruwa a gabanta, ba ta fita yawo sai bayan asuba ko dab da magariba. Kuma ni ma na yi wauta a kanta, ba zan ɓoye ba. Lokacin tana ƙarama ina so ta yi girma da wuri a ce da ni wane, na dinga ɗura mata abinci, ina ƙara mata garin ƙashi da ƙwayoyin kalsiyam, ina sa ta bin babur da gudu wai ta yi ƙwanji. Tana wata 9 ta fara tashi da ƙyar, tana jan ƙafar baya. Na kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na ABU a Samaru, likitan ya saurare ni har na gama, sannan ya yi mini bayanin da har yau nake jin kunyarsa. Manyan karnuka ba sa gama girma sai sun kai wata 18 zuwa shekara 2. Duk wannan lokacin ƙashinsu ɗanye ne. Ƙiba da wuri, kalsiyam fiye da kima, gudu mai tsawo a kan kwalta, tsalle daga bayan mota, duk suna lalata gaɓoɓi, musamman ƙugu. So ake kwikwiyon ya tashi a hankali, ba mai teɓa ba, idan ka shafa gefensa ka ji haƙarƙari. Har yau idan hunturu ya shigo Giwa tana ɗingishi da safe, in na gan ta sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji, don na san hannuna ne. Ita ba ta yi komai ba.

Abin da na fi tsana kuwa shi ne wannan ilimin banza da ke yawo a gari: wai kulle kare a duhu da rana kada ya saba da mutane, ka zuba masa yaji a abinci, ka riƙa dukansa, shi ne zai yi zafi. Zai yi zafi kam. Zai yi zafin da bai san ɓarawo ba, bai san ɗan maƙwabci ba, bai san mai tallar awara ba, wata rana ma bai san ɗanka ba. Karen da aka ɓoye wa duniya matsoraci ne, kuma matsoracin kare mai kilo 70 ya fi kowane haɗari. Daga sati 3 zuwa kamar sati 14 na rayuwarsa, a nan ne kwikwiyo ke yanke wa kansa abin da yake na yau da kullum da abin da yake abin tsoro. A nan ya kamata ya ga yara, ya ga mace da hijabi, ya ga tsoho da sanda, ya ji ƙarar Keke Napep da janareta, ya ga akuya da kaji, duk cikin lumana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ka bari ya wuce, gyaran sai an sha wuya.

Horon kansa ba wani sihiri ba ne da sai an ɗauko mai kaki daga Kaduna. Minti 10 da safe, minti 10 da yamma, da 'yan gutsattsarin dafaffiyar hanta a aljihu. Zauna. Zo. Bari. Tafiya a gefenka ba tare da ya ja igiya ba. Da kuma babbar doka: ba ya ɗora ƙafa a jikin mutum, ko da wasa. Yana kilo 10 in ya yi maka tsalle kowa dariya yake yi, ana ɗauka a waya. Wata 8 nan gaba wannan tsallen ne zai kai Hajiya ƙasa ya karya mata ƙugu. Abin da ba za ka yarda babba ya yi ba, kada ka bar ƙarami ya yi. Sai dai duk wannan kai za ka yi shi da hannunka, kullum, kuma mutanen gida su bi doka ɗaya. Ba a aika maigadi ya yi wa mutum tarbiyyar karensa daga Abuja ta waya.

"Ai saboda tsaro ne." Na ji. Ni ma a garin nan nake kwana, na san abin da unguwannin bakin gari suka gani, ba sai an ba ni labari ba. Amma mu daina yaudarar kanmu. Wanda ya zo da bindiga girman kare ba ya tsayar da shi. Amfanin kare shi ne ya ji motsi kafin ka ji, ya tashe ka, ya tashi maƙwabta. Wannan kuwa karen gida na Hausa, ɗan siririn nan da kuke rainawa, yana yi har ya fi, ga jure zafi, ga jure kaska, ga shi ragowar abinci kaɗan ta ishe shi. Ku tambayi mafarauta. Shi kuwa naku na gayu buhun abinci mai kilo 20 da ƙyar ya kai masa wata, maganin tsutsa da na kaska da nauyin jiki ake aunawa, kuɗin ninki uku ne. In aljihu ya yi sanyi sai a koma zuba masa ƙanzo da miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, alhali su biyun suna lalata wa kare jini, a haɗa masa da dafaffen ƙashin kaza da ke tsagewa ya huda hanji. A cika masa kwano sau ɗaya a rana ya hanɗame, ya sha ruwa, ya yi gudu, tumbinsa ya kumbura ya murɗe. Wannan ciwon na manyan karnuka masu zurfin ƙirji ne, yana kisa cikin sa'o'i in ba a yi tiyata ba, shi ya sa ake raba musu abinci sau biyu ko uku a bar su su huta bayan ci. Ya mutu a ce maƙiya ne suka sa masa guba. Maƙiyin yana cikin gida, shi ke da makullin get.

Masu cewa in ji tsoron Allah kare haramun ne, na gode da nasiha. Ni ba malami ba ne, amma na zauna gaban malamai a cikin birni. Hadisin rage lada ga mai ajiye kare ya togace na farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kai. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risalar da muke karantawa a zaure, an ruwaito ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa Imamu Malik ya ƙi hakan sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Giwa ba ta shiga ɗaki, ba ta zuwa inda ake salla, kwanonta daban. Wannan muhawarar ku kai ta wani shafin. Ni hadisin da nake so a karanta wa Alhajin layin nan shi ne na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba.

Yanzu maganar gaskiya, ba gatse. Iyayen yaron nan, don Allah kada ku tsaya jiran kati, kada ku tsaya shafa toka ko a ce a ciro gashin karen a ɗora. Duk inda haƙori ko farce ya fasa fata, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar a fara allurar riga-kafin ciwon haukan kare. Ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara ne da yawa daga ciki. Karen kuma a tsare shi kwana 10 likitan dabbobi yana duba shi, wanda hakan ma dalili ne da zai sa ku daina ihun a harbe shi yau. Allurar riga-kafin kare tun yana wata 3 ake fara ta, a maimaita duk shekara, har a nan ƙasar ana yin ta a Vom ta jihar Filato. Kuɗinta ba zai gagari Alhaji ba. Shi zai biya kuɗin asibitin yaron, har da na mota, kuma ya zo da ƙafarsa ya ba da haƙuri, ba ya turo direba da leda ba.

In kana shirin sayen irin wannan kare, fara tambayar uwargida, don ita za ta wuni da shi. Ka tambayi kanka ko za ka iya riƙe igiyarsa in ya ga akuya, ko katangarka ta kai, ko kana da takunkumin sa masa in za a fita, ko za ka iya hana yaranka hawansa kamar jaki da taɓa shi yana cin abinci. Kowane irin kirki gare shi, ba a barin ƙaramin yaro da shi su kaɗai. Ka kuma sani ba sa daɗewa, irin su Giretden, dogon karen nan na Turai, shekara 7 zuwa 10 ne, kana gama sabawa da shi gemunsa ya fara fari. Na Giwa ya fara.

Af, kwalbatin nan da yaron ya faɗa. Ba shi ne wanda aka karɓi dubu bibbiyu a kowane gida bara kafin damina za a yi masa murfi ba? Na ba da nawa, rasit ɗin yana cikin durowata. A bidiyon nan na ga har yanzu baki buɗe yake, cike da ledar fiya wata, wani ma ya jefa tsohuwar taya a ciki. Wanda ke riƙe da kuɗin yana cikin masu rubuta "a harbe shi" tun jiya, na ga sunansa har sau uku.