Ba kowane ƙarancin jini na gado ne sikila ba

Da an ga yaro idonsa ya yi rawaya, jini na yawan yi masa ƙaranci, sai kowa ya ce ai sikila ce. To ba dole ba fa, akwai wani ciwon gado na fatar jan ƙwayar jini, hereditary spherocytosis a Turance, da shi ma ke kawo haka. Ita sikila matsalar himogulobin ce, abin da ke cike cikin jan ƙwayar jini.

Amma ta cikin fatar ƙwayar akwai wasu furotin da suka saƙu kamar raga, babbansu sifektirin, sai ankirin da ke ɗaure shi jikin fatar, su ke sa ƙwayar ta lanƙwashe ta wuce ta siririyar jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta kuma ta dawo daidai, haka har kusan kwana 120. In aka gaji tangarɗa a ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado da ke sa jiki ya ƙera waɗannan furotin, wato SPTA1 ko SPTB ko ANK1, sai fatar ta riƙa gutsurewa, ƙwayar ta dunƙule, saifa ta kama ta ta lalata tun lokacinta bai yi ba. Shi ya sa saifar ma kan kumbura.

Kuma yawanci daga uwa ko uba ɗaya kawai ake gadon wannan ciwon, mai AA ma yana iya samu, gwajin jinotayif ba ya nuna shi sam.