Hulata Tana Hada

Tunda bidiyon nan da aka ɗauke ni ina roƙon biri a hanyar Ɗa'ifa ya riga ya zaga, har mutumin da ba ya amsa sallamata a masallacin unguwa ya tare ni jiya yana cewa "ya mai jiki", gara in faɗi abin da bakina. Wanda kuka gani ɗin nan an yanke farkonsa, kuma wanda ya ɗauka ba don Allah ya ɗauka ba.

Kun san Kawun Hajiya ya zo umra ya sauka a wurinmu. Kwana uku zafin Makka na ƙarshen Agusta yana gasa shi, sai na ce, "Kawu, ku shirya gobe mu hau Ɗa'ifa ku sha iska." Hajiya ta ce a kira direban nan na Shara Mansur. Na ce a kan me? Ɗa'ifar da na sani kamar yunwar cikina? Alhali sau biyu na taɓa zuwa, ɗaya ma da dare ne, ina barci a kujerar baya. Na ari motar maƙwabcina, na zuba farar shadda, na kafa zannar nan da aka aiko mini daga Maiduguri, wadda sai Idi take ganin rana.

Muna wuce Arfa hanya ta fara hawa dutsen Kara, kwana a kan kwana, kunne na toshewa. Kawu ya damƙe kujera yana ta hailala, ni kuwa ina ta zuba masa karatu: garin ya haura mita 1,800 a sama, tsakaninsa da Makka bai kai kilomita 100 ba amma kamar wata ƙasa, a da can sarakuna ke gudun zafi, Sarki Abdul'aziz ma a can ya rasu a 1953. Na nuna masa akwatunan telefirik suna lilo a kan waya daga Hada da ke saman dutsen zuwa Kar da ke gindinsa, ya ce ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai shiga ba. Na kuma yi masa alkawarin gonakin wardi, ja-ja-ja iyakar ganinsa. Da muka tsaya wurin masu kayan marmari a Hada, mai rumfar ya ce wardi ai sai Maris da Afrilu, kuma da sassafe ake tsinka tun rana ba ta yi zafi ba. Kawu ya dube ni. Na dubi rumman.

A nan na fara tafka ta farko. Akwai barshumi jibge, 'ya'yan shukar nan mai faffaɗan ganye da ƙaya. Mai rumfar yana sanye da safar hannu, yana feɗe bawon da wuƙa yana miƙa wa mutane tsokar. Na ce a'a, a zuba mana da bawonsa, mu ba baƙi ba ne. Na sa hannu tsirara na zaɓi uku. Wanda bai taɓa ba ba zai gane ba: ƙayar ba ta ganuwa, siririya ce kamar gashin jariri, sai ka shafi wani abu take gaishe ka. Na daure don kada Kawu ya lura. Muka ƙara inabi da ɓaure da rumman, muka gangara inda ake tsayawa kallon kwari. Da na kashe mota na kasa cusa hannu a aljihu saboda raɗaɗi, sai na jefa makullin cikin ledar kayan marmarin. Ku riƙe wannan.

Wurin kuwa ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Hazo na tasowa daga ƙasa kamar ana turare, iska mai sanyi, hanyar da muka hawo tana can ƙasa a nannaɗe. Birai ko'ina, a kan katanga, a kan motoci, uwaye da jarirai maƙale a ciki. Kawu ya ce, "Alhaji, mayar da ledar nan mota." Na ce, "Kawu, waɗannan ba irin na gida ba ne, sun saba da mutane. Abin kawai kada ka nuna musu tsoro."

Ban rufe baki ba na ji an ja.

Wani ƙaton gwaggon biri ne, gashin kafaɗa fari-fari ya zubo kamar alkyabba, fuska ja, mazaunai sun fi fuskar ja. Ya kama gindin leda, ni ina riƙe da hannunta. Ya ja, na ja. A bidiyon za ku ga kamar ina rawa. Ba rawa ba ce, yatsuna ne ke cike da ƙaya, duk ja ɗaya sai na ɗaga ƙafa. Na tuna ka'idata ta rashin tsoro, na zuba masa ido cikin ido, har na yi masa murmushi don a rabu lafiya. Ashe a wurinsu ƙura ido da washe haƙora neman faɗa ne, daga baya Kawu ya gaya mini, shi da ya shekara talatin yana korar birai daga gonar gyaɗa. Birin ya buɗe baki ya yi wata doguwar hamma, na ga fiƙoƙi kamar na kura. Na saki. Wasu na cewa na yi ƙara. Tari ne.

Ya haye katanga ya zauna, ya baje leda kamar mai kasa kaya a kasuwa. Ya ɗauki rumman ya fasa. Ya ɗauki barshumin da ya hana ni sakat, ya murza shi a kan dutse sau biyu, ya ɓare ya ci, ko gezau. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Sannan ya zaro makulli.

To a nan ne abin da kuka ji ya fito. Na duba hagu da dama, duk Larabawa da 'yan Pakistan, na ce ai ba mai jin Hausa sai Kawu, shi kuma na gida ne. Na matsa, na ɗan rusuna, na ce, "Haba babban yaya. Haba Alhaji. Motar aro ce wallahi." Ya sa makullin a baki, ya danna, motar ta yi ƙara ta buɗe. Ya cire ya duba, ya sake dannawa, ta kulle. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka riƙe rumman ɗin, na yafe duniya da lahira, makullin kawai." Ban san lokacin da na tsuguna ba. Ni da shadda, hannu biyu a gaba, kamar mai neman aure an ce ya dawo baɗi. Ya juya mini jan bayansa.

Sai na ji daga bayana, da Hausa garau: "Alhaji, ƙara masa da Allah ya ja zamaninka. Sarkinsu ne."

Yanzu bari in yi maganar wannan bawan Allah, don shi ne ainihin ciwon, biri ai dabba ce. Yana zaune a kan darduma da iyalinsa, farar jallabiya, jan shimagi, butar gahawa da dabino a gabansa. Minti goma kafin nan, ni na je na tambaye shi hanyar Shafa, wani wurin shan iska a kan duwatsun Ɗa'ifa, da Larabcina, wanda kun san yadda yake. Ya bar ni ina ta kokawa da "fen" da "kef", ina nuni da hannu, yana gyaɗa kai yana cewa "na'am, na'am". Bai ce mini uffan da Hausa ba. Ashe Hausawi ne, wato jikan Hausawa haifaffen Ɗa'ifa, kakansa ya taho a ƙasa ta Sudan. Wato ya ji lokacin da na ce wa Kawu wannan da ganinsa bai san hanya ba. Ya adana ta, ya jira, ya ɗaga waya. Mutum ya ga ɗan'uwansa a tsugune gaban biri, abin da ya fara zuwa ransa shi ne ya gyara tsayuwa don hoto ya fito. Har ana jin muryarsa yana ce wa ɗansa ya matsa ya tare masa haske. Ku sake saurara, yana nan wajen ƙarshe.

Kawu ne ya ce kowa ya ja baya, a daina kallonsa, biri ba ya riƙe abin da ba ya ciwuwa. Haka aka yi. Ya ɗan ƙara tauna robar, ya gaji, ya sake shi ta bayan katanga. Allah ya taimake ni ya faɗa a kan wani tudu kusa. Na kwanta ruf-da-ciki a kan katangar, Kawu na riƙe da ƙafata, na miƙa hannu. Ina taɓa makulli na ji iska ta bugi tsakiyar kaina. Wani ɗan mitsitsi ne, ko yaye shi ba a yi ba, ya zare zannar ya gangara kwari da ita. Na hango shi can ƙasa yana leƙa cikinta, ko yana tsammanin akwai abinci.

Abin haushi, kafin in kakkaɓe shadda Kawu da mai bidiyo sun zama 'yan'uwa. Asalin kakan nasa ashe ta wajen su Kawu ne, har suna lissafa garuruwa. Ya rantse sai mun ci abincinsa. Ya kai mu aka kawo saliƙ, farar shinkafar nan da ake dafawa da romo da madara har ta yi laushi kamar fate, an kwarara man shanu, kaza a sama, dakkus na tumatir da barkono a gefe. Ina son in ce ba daɗi, amma ƙarya haramun ce. Sai dai kowa na ci da hannu, ni da cokali a dunƙule kamar ɗan yaye, ga barkono ya sami ƙofofin da ƙaya ta buɗe. Ka ci abincin mutum, ka ce ya goge bidiyo? Na dai yi ƙoƙari. Ya ce "abshir", wato an gama. A nan suka yi musayar lamba da Kawu, Kawu ya tura wa Hajiya, sauran kun sani.

Shi ya zaga da mu sauran wuraren, ni ina biye kamar yaron mota. Muka yi la'asar a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, wanda a garin ya rasu. Ya nuna wa Kawu masallacin Addas, bawan nan da ya kawo wa Manzon Allah (SAW) inabi ranar da mutanen garin suka jefe shi, Kawu ya yi shiru ya daɗe yana share ido. Muka wuce ta gaban fadar Shubra. A kasuwa Kawu ya sayi ruwan wardi kwalba huɗu da zuma. Da aka faɗa masa kuɗin tola ɗaya na man wardi sai ya ajiye kwalbar da hannu biyu.

A dawowa muka tsaya miƙatin Wadi Muhrim don Kawu ya ɗaura harami ya ƙara umra. Ya fito da farin mayafinsa, ya dubi kaina, ya ce, "Kai ai tun hantsi aka fara maka naka, saura niyya."

Maƙwabcina ya karɓi makullinsa ya daɗe yana juya shi, bai dai ce komai ba, amma yanzu sai an danna sau uku yake buɗewa. Ƙaya biyu na nan a babban yatsa, Hajiya ta gwada da allura ta gwada da salatif. In akwai mai tahowa daga Maiduguri kafin azumi ya yi mini magana ta gefe, ba a cikin guruf ba.