Karanta Littafi Kaɗai Ba Ya Cire Tsoro

Mutane da yawa a Kano na sayen littattafan ƙarfafa gwiwa, suna zaton da sun kai shafin ƙarshe tsoron canji zai gushe. Ba haka abin yake ba. Littafi yana gyara yadda kake kallon tsoronka ne, amma tsoron ba ya raguwa sai ka tunkari abin da kake gudu, kaɗan-kaɗan, kana maimaitawa. Duk ranar da ka kauce, hankalinka kan kwanta na ɗan lokaci, wannan kwanciyar hankalin kuwa ita ke ƙara wa tsoron ƙarfi.

Ɗauki ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke fargabar tallata atamfa a WhatsApp. Kada ya karance littafin a dare ɗaya, don zumuɗin kan huce da wuri. Ya karanta babi ɗaya, ya rubuta ainihin abin da yake tsoro: damfara ce, ko dariyar maƙwabtan shago? Sannan ya ɗauki hoton turmi 3 kacal, ya tura wa tsofaffin kwastomomi 5, kuma kada kaya su fita sai ya ga kuɗi a asusunsa. Mako mai zuwa ya ƙara.

Wanda kuwa fargaba ta yi makonni tana hana shi barci, ga faɗuwar gaba, likita ya kamata ya gani.